Waiwaye: Ranar da Gara Ta Shiga Kwamfuta

A ɗakin tarkace na gidanmu da ke Dirin Daji akwai wani akwatin ƙarfe, da can fari ne, yanzu ƙura ta mayar da shi ruwan ƙasa. An ɗora masa ƙwaryar iri, yaran gida kuwa sun ɗauka kujera ce. Kwamfutata ta farko ke nan. Zuwana gida na baya-bayan nan na jawo shi ina neman wata tsohuwar takarda, sai idona ya sauka kan wata 'yar sitika mai ƙyalli a gefensa, ɗauke da haruffa da lambobi 25, an jera su biyar-biyar. Na jima a tsugune ina kallonta. Duk shekarun da na yi ina cin abinci da injin nan, ban taɓa tambayar kowa amfaninta ba. Sai bayan ya mutu na san cewa ita ce shaidar lasisin Windows na gaske, wanda ofishin Turawan da ya fara mallakar injin ya biya kuɗinsa. Ina da na halak manne a jikin akwati, na bar shi na yi shekaru ina aiki da na sata.

Ga wanda bai san garinmu ba, Dirin Daji ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Zuru a jihar Kebbi, dab da iyakar jihar Neja. Gari ne na noma da kasuwa, inda za ka ji Hausa da Dakarci da Fulatanci a rumfa guda. A zamanin da nake magana, in kana son a buga maka takarda mai kyau, ko dai ka yi kamun ƙafa da mai tafireta, ko ka hau mota zuwa Zuru. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ta ɗauki lokaci kafin ta game garuruwa irin namu, amma da ta iso sai ta zo da yunwarta: kowa na son waƙa da fim a wayarsa. Ni kuma na gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa. Kawuna ya sayar da bijimi ya damƙa mini kuɗin, ya ce, "Je ka sayo injin nan da ka ishe mu da zancensa. In Allah ya sa albarka, ka mayar mini da maraƙi."

Kano na nufa, Titin Beirut. Sabuwa ba ta taɓuwa, don haka gwanjo na saya, irin wadda ake ce wa Beljiyam ko da daga Amurka ta fito: Pentium 4, rumbunta giga 40, da allo mai ƙeya wanda sai mutum ya yi bismilla kafin ya ɗaga. Daga baya na karanta cewa a 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta bi sawun irin wannan kaya har Legas, ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci ke sauka duk wata, kuma wani lokaci kashi 75 cikin ɗari bola ce zalla. Ni na yi sa'a, tawa ta kama. Da mai shagon ya kunna ta, sai ga hotunan wani Bature da 'ya'yansa cikin dusar ƙanƙara, ga wasiƙun ofis, ga lissafin kuɗi. Muka yi ta dariya. Ko a raina bai zo ba cewa sirrin wani bawan Allah ne ya tsallako teku shi bai sani ba, balle in yi tunanin ni ma ana dab da fara ba ni ajiyar sirrin mutane.

Kafin in tafi, mai shagon ya nuna mini wani ɗan jan maɓalli a bayan akwatin, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Ya ce ƙarfin wutar Amurka rabin tamu ne. Duk ranar da yaro ya tura shi zuwa 115 na jona, sai dai in ji ƙara in ga hayaƙi. Na riƙe wannan gam. Haka na riƙe sauran: kada a jona ta da ƙaramin janareta sai da situbulaiza, a lulluɓe ta da zane lokacin hunturu, a riƙa buɗe ta ana hure ƙurar da ke toshe fanka. Ta fuskar ƙarfe ban taɓa sakaci ba, domin ƙarfe ina ganinsa, in ya yi zafi tafin hannuna zai gaya mini. Abin da ba a gani shi ya kai ni ƙasa.

A matsayin gyara, irin wanda mai awo ke ƙara wa mai saye, mutumin ya yi wa injin fomatin, ya ɗauko wani faifai da aka rubuta wa suna da maka, ya zuba mini Windows XP da Office da CorelDraw da Photoshop. Faifan ma ya ba ni. Sharaɗinsa biyu. In ta nemi sabunta kanta kada in yarda, domin za a gano ta daga can, allon ya yi baƙi. Kuma duk lokacin da zan saka wata manhaja daga faifan, in fara kashe manhajar rigakafi, wai ba sa jituwa. Na gyaɗa kai kamar almajiri gaban malam. Yau in na tuna, sai in ga kamar baƙo ne ya zo da kyautar katifa, ya ce amma sai na ɗaure karen gida na zare sakata kafin a shigo da ita, kuma kada in sake mayar da sakatar. Babu manomin da zai yarda da wannan a duk faɗin Sakaba. Ni ɗan boko na yarda, har da godiya.

Kalmar lasisi a lokacin ba ta wuce ta direba ba a kunnena. Dogon rubutun nan da ke fitowa kafin a danna alamar amincewa, ban taɓa karanta layi biyu a cikinsa ba. Alhali abin da yake faɗa ba baƙo ba ne ga ɗan ƙauye. Mun san bambancin gonar saye da ta haya da ta aro da ta jingina. Mai gonar aro yana noma yana girbi, amma ba ya dasa mangwaro, ba ya yanka wa ƙaninsa gefe, ba ya sayarwa. To manhajar kamfani gonar haya ce. Kuɗinka izinin noma ya saya maka, a inji kaza, bisa sharuɗɗan mai gona. Lasisin da ke zuwa tare da inji kuwa, irin na sitikata, injin yake bi duk inda ya je, shi ya sa nawa ya biyo akwatin har Dirin Daji yana jiran mai karanta shi.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin manhajojin da ke cikin faifan nan, in na gaske za a saya, ya fi ƙarfin bijimin kawuna nesa ba kusa ba, kuma ko da kuɗin a hannu sai ka yi tafiyar yini kafin ka ga mai sayarwa. Da aljihun ma'aikacin Landan aka auna farashin. Masu kayan ma sun san da haka. A 1998 Bill Gates, yana magana kan ƙasar Sin, ya nuna cewa tunda dai satar za a yi, ya fi so a saci tasu, mutane su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Dabarar ta ci. Mun taso ba mu san kwamfuta na iya tashi da wani abu ban da Windows ba. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka hawaye nake zubar wa Microsoft. Waɗanda aka cuta a labarina suna kusa, ɗayansu ma a ƙofar shagona yake zama.

Na buɗe shago kusa da kasuwa. Aikin mutunci shi ne buga takardu: katin ɗaurin aure, tsarin bikin godiyar girbi na coci, gayyatar walimar sauka, tambayoyin jarrabawar firamare, da takardun neman shiga soja, waɗanda a ƙasar Zuru ba sa yankewa. Amma abin da ke biyan man janareta shi ne turi. Ranar kasuwa tun hantsi layi ke kamawa. Samari daga ƙauyuka da wayoyinsu 'yan Chaina masu lasifika kamar ta masallacin Juma'a, kowa ya zare memori ya miƙo. A tura mini sabon fim ɗin Kano. A tura mini Indiya. A sa wa'azi, a sa waƙar coci, a cike da ta gargajiya. Memorin ƙauyuka goma sai ya ratsa rami ɗaya kafin la'asar, ana ta yaba mini saurin hannu.

Cikin masu zama a bencin ƙofar shagon akwai wani dattijo, tsohon soja, kowa Baba yake ce masa. Shi ne magatakardan wata ƙungiyar manoma: su haɗa kuɗi su sayo taki tun rani, a raba bashi, a biya bayan girbi. Duk lissafin na cikin wani littafi mai baƙin bango. Wata damina gara ta shiga akwatinsa ta cinye kusan rabin littafin. Ya zo da ragowar a leda, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Ɗana, an ce injin nan naka ba ya mantuwa." Na ce, "Baba, ai wannan ko gara ta gan shi sai dai ta yi sallama ta wuce."

Mako biyu muka yi. Yana karantowa daga ragowar shafuka, yana aika yaro ya kira mambobi ɗaya bayan ɗaya suna tabbatarwa, ni ina shigarwa. Da muka gama na sa ya sayi filashi na zuba masa kwafi, na ce shi ke nan, ɗaya a wurina, ɗaya a wurinka. Na yi masa tayin bugawa a takarda. Ya tambayi kuɗin shafi, ya lissafa da yatsu, ya ce a bari sai bayan girbi. Ban matsa ba. Ragowar littafin kuwa, tunda ya ga sunaye reras a allo, ya bar wa jikoki suka yi ta zane a ciki har ya bi shanun sarki. Daga nan duk wanda ya biya, Baba zai zo da filashinsa a aljihun gaba, mu shigar a wuri biyu. Ramin da memorin samarin kasuwa ke shiga, nan filashin ke shiga.

Wata ranar kasuwa da yamma, kaka ta kama, ana tsakar biyan bashi, injin ya fara nauyi. Ya riƙa buɗe abin da ban buɗe ba, ya daskare, ya mutu, ya tashi, ya sake mutuwa. Na yi abin da kowane mai shago irina ya iya: na ɗauko faifan maka na yi masa fomatin, hankalina kwance tunda akwai kwafi a aljihun Baba. Washegari ya zo da sunayen mutum uku da suka biya. Na soka filashin, sai na ga foldojin sun koma wasu hotuna masu 'yar kibiya a gindi, ka danna ba abin da ke fitowa. Gumi ya keto mini. A ganina abin da ke ciki ya riga ya tafi, saura kada cutar ta sake kama injina. Na yi wa filashin fomatin shi ma, da hannuna, Baba na zaune a benci yana jiran in kira shi.

Bai yi faɗa ba, da ya yi da abin ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Ashe ita ma tana da gararta." Ya mayar da filashin aljihu ya tafi. Aka tara mambobi a gindin bishiya, kowa ya faɗi abin da ya karɓa da abin da ya biya. Yawancinsu sun faɗi gaskiya, Allah ya saka musu. Amma an samu wanda ya rantse ya biya ba shi da shaida, an samu wanda ya manta buhu nawa ya ɗauka, kuma maƙwabta biyu sun daina gaisawa har damina ta zagayo. Giɓin da ya rage Baba ya cike da kuɗin fanshonsa. Na kai masa ɗan abin da na tara, ya ture hannuna ya ce, "Kai yaro ne. Ni na ɗauki amanar mutane na ba yaro." Har yau in na tuna maganar nan sai na ji ta a ƙashina.

Bayan kusan shekara, wani ɗan bautar ƙasa da aka turo koyarwa garinmu ya kawo filashi a buga masa takarda. Ga hotunan nan masu kibiya. Na kai hannu zan yi abin da na saba, ya riƙe ni. Ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, ya rubuta layi ɗaya tak, sai ga fayilolinsa duka sun dawo. Ya ce wannan bairos ba ya cin komai, ɓoyewa yake yi, ya ajiye hoton bogi a gurbin kayanka don ka danna ya ƙara yaɗuwa. Ko bayan fomatin ɗin ma, in ba a sake zuba kaya a kai ba, akwai manhajar da ke tono abin da aka goge. Wato ranar nan lissafin Baba na nan lafiya lau a cikin filashi. Gara ba ta taɓa shi ba. Ni na cinna wa rumbu wuta garin korar ɓera.

Shi ne ya zaunar da ni ya warware mini sauran. Windows XP yana da wata ɗabi'a ta bin umarnin da ya tarar a cikin filashi ba tare da tambaya ba, kuma da wannan ƙofa bairos da yawa ke shiga. A farkon 2011 Microsoft ya tura facin da ke toshe ta ta hanyar sabuntawa, sabuntawar da aka koya mini in guje mata kamar maciji. Windows na gaske ma yana kamuwa, kada a yi mini mummunar fahimta. Bambancin shi ne mai na gaske ba ya ɓuyar wa likita, kuma ba wanda ke sa shi ya ɗaure karensa. Mai kayan sata kuwa ko an sace masa ba ya kai ƙara. Sannan wanda ya fasa makullin manhaja ya watsa ta kyauta, ba ka san shi ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, amma ka ba shi iko da injinka fiye da wanda ka ba ɗan'uwanka.

Manya ma ta wannan rami aka kama su. Bairos ɗin Stuxnet da aka gano a 2010, wanda ya lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz, an tsara shi ne ya riƙa bin filashi don ya kai ga injinan da ba su haɗe da intanet. A watan Mayun 2017 WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali facin ya fito tun watan Maris, ba a dai saka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a Landan ko a Dirin Daji.

Na ce waɗanda aka cuta suna kusa. Na biyunsu wani saurayi ne daga ƙauyen da ke gefenmu, mawaƙi, da harshen uwarsa yake waƙa. Ya sayar da dawarsa ya je birni ya shiga situdiyo, ya dawo da faya-fayai cike da kwali ranar kasuwa. Wani ya sayi ɗaya ya kawo mini in juye masa a memori. Na juye, na ajiye kwafi. Kafin azahar muryar yaron ta cika kasuwa, daga kowace waya take tashi, kwalinsa kuwa na nan a cike. Da yamma ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Yayana, na ji daɗi ana jin waƙata. Amma da ka tambaye ni." Na ce ai talla nake yi masa. Amsar kowane mai turi ke nan, kuma ba ƙarya ce zalla ba, domin an yi ta gayyatarsa biki bayan nan. Amma mai kaya shi ke yanke shawarar abin da zai bayar ɗanɗano. Ni dawarsa na ɗiba na raba wa jama'a, na karɓi ladan rabon a aljihuna.

Abin da na yi wa yaron nan shi dubbanmu muka yi wa 'yan fim ɗin Kano. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar ta ginu ne kan wani tsari a kasuwar Ƙofar Wambai: furodusa ya kai uwar kaset ya buga kwalaye, 'yan kasuwa su sayi kwali su juye kaset su saka, don haka da kwali ake ƙirga ribar mai fim. Faifai ya zo ya sauƙaƙa juyi. Memori ya zo ba kwali sam. Mutum ɗaya ya sayi faifai ɗaya, mai turi ya raba wa gari. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, suka shiga fina-finai masu dogon zango. Ba mu kaɗai muka kashe kasuwar ba, amma da mu aka ɗauki makara. Mukan lallashi kanmu da cewa ai su ma labarin Indiya suke ara, kuma da fasasshiyar manhaja irin tamu wasunsu ke tace fim. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai yaron da ke riƙe fitila a wurin ɗaukar fim, da telan da ke ɗinka wa 'yan wasa, ba su ari komai a wurin kowa ba, su suka fara rasa abinci.

A majalisarmu ta dare mun sha yin wannan muhawara. Wani abokina yakan ce sata ita ce ka ɗauke abu mai shi ya rasa. Kwafi kuwa ɗiban wuta ne a murhun maƙwabci, ka kunna naka nasa bai mutu ba. Hujjar ta daɗe tana burge ni, har ranar da na ga kwalin yaron nan. Wutar murhu ba a sayar da dawa kafin a hura ta. Malamai ma sun riga mu duba mas'alar: majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. A shekarar ce kuma Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka da aka daɗe ana aiki da ita. Sabuwar doka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta biyo abin har intanet: mai haƙƙi na iya neman a sauke kayansa daga shafin da aka ɗora ba izini, fasa makullin da aka sa wa aiki ya zama laifi, manhajar kwamfuta kuma tana cikin sahun rubuce-rubuce. Doka dai ba ta taɓa takowa ƙofar shagona ba. Yaro da kwali ne ya tako.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai hanya ta uku, ba wanda ya nuna mana. Ɗan bautar ƙasar nan ya ba ni wani faifai mai suna Ubuntu, ya ce in juya wa duk wanda na ga dama, masu shi ne suka ce a yi. Na ɗauka wasa yake. Ashe tun 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara yunƙurin manhaja mai 'yanci. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ƙaddamar da Ubuntu, a lokacin har ta gidan waya suke aiko da faifansa kyauta. Lasisinsu ya yi kama da irin shukar da tsohuwa ke ba ka ta ce kai ma in wani ya nema ka ba shi: ka kwafa, ka gyara, ka raba, amma kada ka hana na gaba abin da aka ba ka. Yana da nasa ciwon kai, wata firintar ba ta jin yarensa, masu son zanen kati kuma CorelDraw suka sani. Amma lissafin Baba zai riƙe shi tsaf, kuma bairos ɗin memorin kasuwa, da yake don Windows aka rubuta su, ba sa samun wurin kamawa. Ko a sama an yi wannan ja-in-ja. A 2007 aka yi cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 don makarantun Nijeriya ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, har shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa cewa ana shirin goge shi a sa Windows. Labarin bai iso majalisarmu ba sai bayan shekaru.

Shagon ya daɗe da rufuwa. Yanzu waya da waya ke turi ta Xender, ba mai bukatar ramina. Amma cinikin nan na ɗaure kare bai mutu ba, aljihu ya koma. Ɗan yayata ya nuna mini wayarsa cike da alfahari: WhatsApp na jabu mai nuna saƙon da aka goge, da wata manhajar kallon fim kyauta da abokinsa ya tura masa. Na buɗe na nuna masa izinin da ta karɓa: hotuna, lambobin mutane, da karanta saƙonni. Na ce, "Kai, ta ina banki ke turo maka lambar sirri?" Ya yi shiru. Tun da aka fito da BVN a 2014, musamman bayan ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, kuɗin shanu da na dawa a waya suke kwana, wayar da ake bari a shagon caji yini guda ba makulli a kan layi. Mutanenmu da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyuka, da yawansu takardar makaranta da ta gona ba abin da ya rage sai hotonsu a waya ɗaya. Ga kuma wata ambaliyar gwanjo tafe: ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, Windows 11 kuma ba ya hawa injinan da suka kwana biyu, don haka ofisoshin Turai za su zubar, mu kuma mu kwasa. Duk wanda zai saya, kafin ya bari a yi masa gyara da fomatin, ya tambayi lasisin da injin ya zo da shi. Tun daga Windows 8 ma an daina rubuta lambar a sitika, a cikin injin ake binne ta.

Bayan tafiyar ɗan bautar ƙasa na yi kwanaki ina juya maganar, sannan na je gidan Baba da daddare na faɗa masa gaskiya duka: lissafinsa bai ɓata ba, ni na goge shi. Na kwatanta masa yadda cutar ke bin memori daga waya zuwa waya ta ramin injina. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wato aska ɗaya kake yi wa gari aski, ba wanki." Na ce haka ne, Baba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani gwangwanin madara babba mai murfi, ya buɗe. Sabon littafi ne a ciki, naɗe a leda. Ya ɗora shi a cinya yana shafa bangon, ya jima bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Nawa ka ce kuɗin shafi ɗaya?"

Washegari muka buga kwafi biyu, ɗaya ya kai wa shugaban ƙungiya, ɗaya ya shiga gwangwani. Yana tsaye a bayana tun daga shafin farko har na ƙarshe, kuma kafin in soka filashin sai da ya dafa kafaɗata ya tambaya ko an wanke askar.